Tsadar Sa Ido a kan Wuraren Kiwon Lafiya: Tarihin Lasisi da Rangadi a Ƙasar Kano, tare da Misali daga Ungogo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata tambaya wadda ba kasafai akan yi ta ba in ana zancen tarihin asibitoci a ƙasar Kano, watau: idan hukuma ta ba wani asibiti ko ɗakin shan magani ko kemis takardar shaida, wa ke biyan kuɗin zuwa a tabbatar cewa abin da aka rubuta a takardar shi ne abin da ke gudana a wurin? Masu tarihi sun fi mai da hankali ga ranar da aka buɗe asibiti da yawan gadajensa da sunan wanda ya gina shi. Amma aikin sa ido shi ma yana cin kuɗi. Akwai albashin mai dubawa da abin hawansa, akwai ɗakin gwada magunguna, akwai magatakardan da ke riƙe da rajista, akwai kuma lauyan da zai tsaya a kotu ranar da aka rufe wa wani kantinsa.

Abin da muke son nunawa shi ne, tun daga zamanin En'e har zuwa yau, bayar da takarda abu ne mai araha ga gwamnati, har ma yakan kawo mata kuɗin shiga, alhali kuwa rangadi abu ne mai tsada wanda ba ya zuba ko kwabo a baitulmali. Saboda haka duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi rauni, rangadi ake fara yankewa, a bar takarda rataye a bango.

Mun zaɓi Ungogo domin misali saboda dalilai biyu. Na farko, yanki ne na manoma da ke arewa da birnin Kano, inda ƙauyuka da gonaki suka cushe da juna, har ya zama a nan ne M. J. Mortimore da J. Wilson suka yi bincikensu kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1965. A ƙidayar 2006 an sami fiye da mutum 360,000 a wannan ƙaramar hukuma. Na biyu, a cikinta Yadakunya take, inda tun shekarun 1930 aka gwada tsarin da hukuma ke miƙa aikin lafiya ga wata ƙungiya, sa'an nan ta riƙa duba ta.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Kafin 1903 aikin magani a ƙasar Kano yana hannun wanzamai da maɗora da ungozomomi da bokaye da 'yan magori da malamai masu ba da rubutun sha. Manyan sana'o'i suna da shugabanninsu, kamar Sarkin Aska da Sarkin Ɗori, waɗanda ke sasanta rikici tsakanin 'yan sana'a, su tsawata wa wanda ya kauce, su kuma tara abin da sana'ar ke kai wa fada. Ta haka sa ido bai ci wa fada wani abin kirki ba, domin sana'a ita ke ɗauke da nauyin shugabanta.

A ƙauye kuwa babban mai sa ido shi ne maƙwabci. Wanzami yakan gaji sana'arsa da gidajen da yake yi wa aiki daga wurin ubansa, a biya shi ranar suna ko a ba shi damin hatsi da kaka. In ya ɓata kaciya ko cire beli, kafin ranar kasuwa ta zagayo kowa ya ji. Wannan tsari yana da iyaka guda biyu waɗanda ya kamata mu riƙe, domin za mu sake cin karo da su a gaba. Yana auna halin mutum da ƙwarewar hannunsa, amma ba shi da hanyar auna abin da ke cikin magani. Kuma ba ya aiki sai inda mai magani da majinyaci suka san juna.

3.0 Zamanin En'e: Mai Abu Shi Ne Mai Dubawa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma a shekarun farko likitocinsu ma'aikatan gwamnati da soja suka fi yi wa aiki. Abin da ya buɗe hanyar yi wa talakawa asibiti shi ne tsarin baitulmalin En'e, wanda aka tabbatar a wajajen 1911, inda aka bar wa masarauta wani kaso na haraji da jangali ta yi ayyuka da shi. Da wannan kuɗi aka gina Asibitin Birni a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad a 1976. Da shi kuma aka riƙa gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. An buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya a 1930, da Makarantar Tsafta ta Kano a 1932, wadda ta riƙa yaye 'yan duba-gari.

A wannan zamani mai asibiti shi ne mai duba asibiti. Likitan gwamnati yakan fita rangadi ya buɗe littafin majinyata, ya ƙirga abin da ya rage a akwatin magani, ya rubuta rahoto. Ma'aji yana bin kuɗi. Hakimi da dagaci suna nan kullum, kuma ƙorafin talaka ta hannunsu yake bi. Ba a ware wa sa ido wani babi na daban a cikin kasafi ba, domin ya narke cikin albashin mutanen da dama can ana biyansu don wasu ayyuka. Wannan ya sa aikin ya yi kama da kyauta, alhali harajin manomi ne ke biyansa. Ya kuma yi sauƙi ne kawai saboda wuraren da za a duba kaɗan ne, kuma kowane yana cikin jerin sunayen da ke hannun hukuma.

A cikin wannan zamani ne kuma aka dasa irin abin da zai zama babbar matsala daga baya. Dokar guba da haɗa magunguna ta 1936, tare da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, ita ce tushen lasisin masu kemis, watau waɗanda aka yarda su sayar da wasu magunguna a cikin ƙunshinsu na asali, ba tare da sun duba majinyaci ko sun yi allura ba. Daga nan aka sami wurin lafiya wanda ba na hukuma ba, wanda ke biyan kuɗi ya karɓi takarda.

4.0 Yadakunya: Hukuma Ta Biya, Ta Kuma Duba

Sanannen abu ne cewa gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita ayyukan 'yan mishan a masarautun Musulmi. Cutar kuturta ce ta sa aka sassauta. Gwamnati ba ta da isassun likitoci, kuma jinyar kuturu a lokacin tana ɗaukar shekaru, da allurar wani mai da ake samu daga 'ya'yan wani itace na ƙasashen Asiya. Saboda haka a wajajen 1937 aka miƙa wa mishan ta SIM mazaunan kutare na larduna uku: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da na Kano, wanda aka fara a Sumaila kafin a mai da shi Yadakunya. Wannan shi ne asalin wurin da mutanen Kano suka sani da Asibitin Bela. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta yi nazari mai zurfi kan yadda sarakuna da 'yan mishan da Turawan mulki suka yi ma'amala a waɗannan wurare.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda aka raba nauyi. Mishan ta kawo ma'aikata da gudummawar ƙungiyoyin agaji na ƙetare. En'e ta ba da fili da tallafi daga baitulmali. An kuma gindaya sharuɗɗa, musamman game da wa'azi ga majinyata Musulmi, domin wannan shi ne abin da ya fi damun sarakuna. Tun da kuɗin baitulmali na shiga, hukuma ta sami ikon neman rahoto da lissafi, ta kuma sami dalilin zuwa ta gani. Kusancin Yadakunya da birni ya sa Razdan da likitan gwamnati da wakilan Sarki suna iya zuwa su komo a yini guda.

Muna ganin darasin Yadakunya shi ne, sa ido ya fi ƙarfi a inda hukuma ke da wani abu a hannunta wanda za ta iya hanawa. Wanda ke jiran tallafi ba ya rufe wa mai dubawa ƙofa. Sai dai wuri ɗaya ne a lardi guda. Da aka sami ƙwayar dafson a ƙarshen shekarun 1940, jinya ta fara komawa ƙananan ɗakunan shan magani na karkara a cikin shekarun 1950, wuraren da za a duba suka yawaita, tafiya ta ƙaru. A cikin shekarun 1970 kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin mishan, aka koma gidan jiya, inda mai abu shi ne mai dubawa.

5.0 Daga 'Yancin Kai zuwa Shekarun 1980

Bayan 1960 aikin ba da shaida ya rarrabu. An kafa majalisar likitoci ta ƙasa a 1963, aka sake mata tsari da dokar soja ta 1988. An haɗe majalisar nas-nas da ta ungozomomi a 1979. Waɗannan majalisu na Tarayya mutum suke yi wa rajista, watau su tabbatar ya yi karatun da yake iƙirari. Rajistar gini da kayan aiki na asibitoci masu zaman kansu kuwa ta faɗa wuyan jiha, wadda aka ƙirƙiro a 1967 ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo. Ɗakunan shan magani na karkara suka zama na ƙananan hukumomi bayan gyaran 1976.

A daidai wannan lokaci tushen kuɗin ya sauya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, abin da talakawa suka yi murna da shi ƙwarai, kuma da hujja. Amma ta fuskar abin da muke nazari, ƙananan hukumomi sun ƙara dogara ga kason da ke zuwa daga Tarayya, wanda ke hawa da sauka tare da farashin man fetur. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya tanadi gina ɗimbin ƙananan asibitoci a karkara, lokacin da kuɗi ke nan. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai asibitocin gwamnati suka rasa magani, majinyaci ya riƙa fita da takarda a hannu ya je ya saya a waje.

Sakamakon wannan a bayyane yake. Kemis-kemis da asibitocin kuɗi suka yawaita a daidai lokacin da ma'aikatar lafiya ba ta da kuɗin zuba wa motar rangadi mai. A yanki irin Ungogo abin ya zo da ƙarin nauyi, domin birni ya riƙa mamaye gonaki ta wajen Bachirawa da Rijiyar Zaki da Panisau, baƙi suka cika unguwanni, har mai magani da majinyaci suka daina sanin juna. Tsohon sa ido na maƙwabtaka ya raunana, na hukuma kuwa bai iso ba.

6.0 Tsadar Rashin Dubawa

Kuɗin da gwamnati ta ƙi kashewa wajen dubawa ba ya ɓacewa. Wani ne ke biyansa daga baya, sau da yawa ninki ba ninki. A 1990 fiye da yara 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan maganin zazzaɓi wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba. Babu maƙwabcin da zai iya gane wannan da ido, sai ɗakin gwaji. Wannan musiba na cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993.

Misali na biyu a Kano ya auku. A 1996, lokacin annobar sanƙarau wadda ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya kammala rahotonsa a 2001, ya sami cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen neman izni. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Abin bai tsaya nan ba. Lokacin da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa watan Yuli na 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama waɗanda a da suka rabu da ita, aka kashe ɗaruruwan miliyoyin dala wajen shawo kanta, kuma sai a 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ita. Manomin Rangaza ko Karo wanda ya ɓoye 'ya'yansa daga masu ɗigon rigakafi yana nuna rashin amincewa ne da takardar hukuma, domin ya ji labarin wata takarda wadda ba ta kare kowa ba.

7.0 Sababbin Hukumomi da Tsohuwar Tambaya

Daga 1999 zuwa yau an yi ta kafa hukumomi. Dokar inshorar lafiya ta 1999, wadda ta fara aiki a 2005, ta kawo tantance asibitoci da kamfanonin da ke shiga tsakani kafin a biya su, aka kuma maye gurbinta da sabuwa a 2022. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane wurin kiwon lafiya mallakar takardar shaidar inganci, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. A Kano, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje (2015 zuwa 2023), an kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, da asusun lafiya na jiha, da hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, wadda aka riƙa jin labarinta tana rufe wuraren da ba su cika sharaɗi ba.

To, wa zai ɗauki nauyin waɗannan hukumomi? A 2023 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa za ta daina ba majalisun sana'o'i kuɗi daga kasafi, kowace ta riƙe kanta da kuɗin rajista. A farkon 2024 kuma ta janye wannan hukunci game da na fannin lafiya. Wannan kai da komo ya nuna tambayar ba ta sami amsa ba tukuna. Masu son a dogara ga kuɗin rajista sukan kawo misalin Amurka, inda asibitoci ke biyan ƙungiyar da ke tantance su, wadda aka kafa a 1951, da Ingila, inda mafi yawan kuɗin hukumar duba asibitoci da aka kafa a 2009 daga wuraren da take dubawa yake fitowa. Amma a can kusan kowane asibiti sananne ne, kuma wanda ba shi da shaida ba ya samun kuɗin inshora ko na gwamnati, watau irin igiyar da muka gani a Yadakunya. A nan kuwa yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya, saboda haka rashin shaida ba ya hana mai asibiti samun ciniki.

Muna ganin illoli uku ga hukumar da ke rayuwa a kan kuɗin lasisi kaɗai. Za ta fi mai da hankali ga wanda ya kawo kansa ofis, alhali mai hatsari shi ne wanda bai zo ba. In ta ƙara kuɗin don ya ishe ta rangadi, ƙaramin mai kemis na ƙauye zai gwammace ya ɓuya. Sa'an nan kowane wurin da ta rufe ragi ne a cikin kuɗin shigarta, wanda hakan jarrabawa ce ga kowace hukuma komai kyan niyyarta. Ga shi kuma Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in hukuma ta karɓi kuɗin takarda, to ta ɗauki alkawarin zuwa ta duba.

An gwada wata dabara ta rage tsada a 2024, lokacin da aka tashi manyan 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro, domin masu dubawa su same su a wuri ɗaya. Wannan yana yiwuwa ga masu sayar da sari. Ba ya yiwuwa ga kemis ɗin unguwa, wanda amfaninsa shi ne kusancinsa da mai zazzaɓi cikin dare. Shi dole a je a same shi.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa a tarihin ƙasar Kano sa ido ya yi aiki ne a yanayi uku: inda mutane suka san juna, inda wuraren suka yi kaɗan kuma na hukuma ne, da inda hukuma ke riƙe da tallafin da za ta iya hanawa. Yanayi na farko da na biyu sun shuɗe a Ungogo. Na uku ne ya rage a gina a kansa, kuma shirin taimakekeniya ya ba da dama, muddin ba za a biya asibiti ba sai an je an gan shi.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a ware wa rangadi babinsa a kasafin jiha, kada a jingina shi ga abin da aka tara na lasisi. Na biyu, a riƙa buga sunayen wuraren da ke da shaida a kowace mazaɓa da Hausa, a liƙa a ƙofar dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma, domin jama'a su san na gaske. Na uku, a sa hakimai da dagatai da masu unguwanni su kai rahoton duk sabon wurin da aka buɗe, tun da babu wanda zai kama shago a unguwa ba da saninsu ba. Na huɗu, hukumomin jiha da na Tarayya su riƙa fita tare a mota ɗaya, maimakon kowace ta nemi tata. Ungogo, da mazaɓunta 11 a bakin birni, wuri ne da ya dace a fara gwada wannan, a rubuta abin da aka kashe, domin masu tsara kasafi su sami ƙiyasin da za su yi aiki da shi a sauran ƙananan hukumomi 43 na jihar. Allah ya sa mu dace.